Wa Ya Ba Su Izinin Shiga Kwamfutarka?



Akwai wani ƙorafi da duk mai gyaran kwamfuta ya saba ji, daga Kano har Maraɗi: "Malam, duba min na'urar nan, ta yi nauyi, kuma da na shiga intanet sai talla ta yi ta faɗo min." Mai gyara ya buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, sai ya tarar da abin da ya saba gani. A can saman shafi an jera layuka uku ko huɗu na maɓallai, waɗanda masu gyara ke kira tulba, kuma mai kwamfutar bai san ranar da suka zo ba. Wannan yana nuna yanayin sama na wani gari a Amurka, wancan yana da ɗan akwatin bincike mai baƙon suna, na ƙasansa kuma cike yake da hotunan fuskoki masu murmushi. Shafin da burauza ta saba farawa da shi ya canza. Ka rubuta abin da kake nema, maimakon Google ta amsa, sai wani shafi da ba ka taɓa jin sunansa ba ya kawo maka sakamako, rabinsa talla. Ka rufe taga ɗaya, biyu su buɗe. Ɗaya ta ce ka ci kyautar waya, ɗaya ta ce kwamfutarka ta kamu da cuta, maza ka kira lamba kaza.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce: "Bairos ce, sai an yi fomatin." A goge komai, a karɓi kuɗin aiki, bayan wata biyu mutum ya dawo da ƙorafi iri ɗaya. Dalilin da ya sa yake dawowa shi ne abin da nake so mu duba yau. Da an ce kutse, mutane suna tunanin wani yaro hatsabibi da ke zaune a ɗaki cikin dare. To mafi yawan wannan fitinar sana'a ce ta kamfanoni masu ofis da ma'aikata da lauyoyi, kuma akwai wanda ake biya duk lokacin da abin ya sauka a kwamfutarka.

Ita kanta tallar da ke faɗowa ba zato ba tsammani an san inda ta samo asali. A ƙarshen shekarun 1990 akwai wani kamfanin Amurka mai suna Tripod da ke ba mutane damar buɗe shafin kansu kyauta, shi kuma ya ci daga talla. Sai wani babban kamfanin motoci ya ga tallarsa ta fito a kan wani shafin batsa, ya tayar da jijiyar wuya. Wani ma'aikacin Tripod, Ethan Zuckerman, ya rubuta dabarar da za ta sa talla ta buɗe a tagarta daban, don kada a alaƙanta ta da abin da ke cikin shafin. A shekarar 2014 mutumin ya fito a mujallar The Atlantic ya nemi afuwar duniya, ya ce niyyarsu mai kyau ce. Na yarda da shi. Amma da dabarar ta shiga hannun masu neman kuɗi ido rufe, sai suka ga ai ba sai sun jira ka ziyarci shafinsu ba. In suka samu gurin zama a cikin kwamfutarka, duk inda ka shiga za su bi ka da talla.

Wata manhaja mai suna Gator na cikin waɗanda suka fara yin suna da wannan. Ta zo da fuskar taimako: za ta riƙe maka kalmomin sirri, ta cike maka fom ba sai ka sake rubutawa ba. A ɓoye kuwa tana lura da shafukan da kake shiga, tana ɗora tallar wani kamfani a kan shafin abokin hamayyarsa. A 2002 manyan jaridun Amurka, ciki har da New York Times da Washington Post, suka maka kamfanin a kotu saboda yana rufe musu shafuka da tallan da ba nasu ba. Da sunan ya ɓaci, a 2003 sai kamfanin ya koma Claria, ya ci gaba da harkarsa na wasu shekaru.

Ga yadda kuɗin ke zagayawa. Mai tulba yana samun kuɗi daga masu talla gwargwadon yawan idanun da ya mallaka. Don haka sai ya je wa mai wata manhaja ta kyauta da mutane ke so, mai kunna bidiyo ko mai sauya takarda zuwa PDF, ya ce masa: cusa tawa a cikin taka, duk kwamfutar da ta sauka a kai zan ba ka kaza. Wannan ma ya ɗauki wasu dillalai, su ma su ɗauki nasu. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san ɗan kamasho: kana saukowa daga babur ya fizge jakarka ya nufi motar da za a ba shi lada, ba ruwansa da ko motar tana da birki, ko ma garinku za ta. A kan kai ake biyansa. Haka dillalan nan suke, kuma da an kama ɗaya da yaudara, sai uban gidan ya ce shi bai aike shi ba.

Wannan uzurin ne wani kamfanin manhajar talla mai suna Zango ya riƙe, har hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta ƙi karɓa. Hukumar ta ce an ɗora manhajar kamfanin a kwamfutocin Amurkawa fiye da sau miliyan 70, ta kuma watsa tallace-tallace sama da biliyan 6.9, kuma an tsara ta yadda cire ta zai yi wahala. A Nuwamban 2006 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 3. Ku auna wannan tarar da yawan tallan, ku gaya min ko ta isa ta hana wani shiga sana'ar.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya, wato maganar izini. Kowanne daga cikin kamfanonin nan, in ka tsare shi, zai ce maka: ai kai ka yarda, kai ka danna. Kuma a takarda gaskiya ya faɗa. Lokacin da kake ɗora manhaja, shafuka suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kana ta danna maɓallin Next don ka gama ka kama aikinka. A shafi na uku ko na huɗu akwai ɗan akwati ƙarami da an riga an yi masa maki, da rubutu siriri a gefensa mai cewa ka amince a ƙara maka tulba, a kuma canza maka shafin bincike. Ba kai ka sa makin ba. Aikinka shi ne ka gan shi ka cire, su kuma duk basirarsu sun zuba ta ne wajen ganin ba ka gan shi ba.

Kada ku ɗauka ƙananan kamfanoni ne kaɗai ke wannan. Manhajar Java, wadda kamfanin Oracle ke da ita, ta shafe shekaru tana zuwa da tulbar Ask a goye. Abin takaicin, sabunta Java dole ne saboda toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi, to a cikin wannan sabuntawar ta tsaro ake maƙalo maka tulbar, akwatin da makinsa. A farkon 2013 wani ɗan jarida, Ed Bott, da wani malamin jami'ar Harvard, Ben Edelman, suka gano wani abu: bayan ka danna, tulbar ba ta sauka nan take, sai ta yi lamo na minti goma. Wanda ya farga ya yi kuskure, ya garzaya jerin manhajoji don ya cire ta, ba zai gan ta ba, sai ya ɗauka ya tsira. Bayan ya saki jiki ta fito. Mutumin da ya yi imani kana son kayansa ba ya buƙatar ya ɓuya maka minti goma. Sai a 2015 ne Microsoft ya fara lissafa tsofaffin nau'o'in tulbar cikin manhajojin da ba a so, a shekarar kuma Oracle ya rabu da Ask ya ƙulla da Yahoo.

Ita kuma doguwar yarjejeniyar da ake cewa ka karanta ka amince, kowa ya san ba mai karanta ta. Wani kamfani, PC Pitstop, ya gwada a 2005: ya cusa wani sakin layi a tsakiyar yarjejeniyarsa cewa duk wanda ya aiko saƙo zuwa adireshi kaza za a ba shi tukuici. Sai da aka yi wata huɗu, aka sauke manhajar fiye da sau 3,000, kafin mutum ɗaya ya aiko, aka ba shi dala 1,000. Waɗannan fa masu jin Turanci ne. To ina ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya sayi kwamfuta don lissafin kaya, ko malamar makaranta a Damagaram da aka jibgo mata shafi ashirin na yaren lauyoyi? Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ban musa ba, akwai gaggawa da son banza a wajenmu. Amma yardar da aka samo ta hanyar ɓoye abu ga wanda bai iya karanta shi ba, ni ban kira ta yarda ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a riƙa yi wa mai kwamfuta kallon wawa ba alhali tarko aka haƙa masa da gangan.

Wani lokacin ma ko dannawar ba a jira. Daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015 kamfanin Lenovo ya sayar da wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka da wata manhaja ta kamfanin Superfish a cikinsu tun daga kwali. Aikinta ta duba hotunan kayan da kake kallo a intanet ta kawo maka tallar makamantansu. Amma shafukan banki da na imel a kulle suke, wato abin da ke tsakaninka da su a rufe yake tafiya, shi ya sa wasu burauzoji ke nuna ɗan kwaɗo a gefen adireshi. Don ta iya leƙa waɗannan ma, sai manhajar ta dasa wa kwamfutar takardar shaida ta kanta, ta tsaya a tsakiya: kai kana ganin da banki kake magana, alhali ita ce ke karɓar saƙonka ta buɗe, sannan ta miƙa. Mafi muni, mabuɗin wannan takarda iri ɗaya ne a duk kwamfutocin, kuma da labarin ya fasu a Fabrairun 2015 wani mai bincike ya gano kalmar sirrinsa cikin 'yan sa'o'i. Daga nan duk ɓarawon da ke kan Wi-Fi ɗaya da kai zai iya yin shigar bankinka, kwamfutarka ba za ta ce uffan ba. An jefa asusun mutane cikin haɗari don a nuna musu tallar takalmi. A 2017 Lenovo ya sasanta da FTC, ya kuma biya jihohi 32 na Amurka dala miliyan 3.5.

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne, yanzu wa ke ganin tulba? Gaskiya ne layukan nan sun ragu, don burauzoji na zamani sun daina ba su guri. Amma sana'ar tana nan, kaya ta sauya. Ta koma ƙananan ƙare-ƙaren da ake liƙa wa Chrome da sauransu. A 2015 Google da masu bincike na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano cewa fiye da kashi 5 cikin 100 na masu ziyartar shafukan Google suna ɗauke da manhajar da ke cusa talla, suka cire irin waɗannan ƙare-ƙare 192 da suka shafi mutum miliyan 14. Ta koma ɗan saƙon da ke fitowa a shafukan sauke fim da waƙa yana cewa ka danna Allow don ka tabbatar kai mutum ne. Ka danna, ka ba shafin izinin turo maka sanarwa, daga ranar hotunan tsiraici da tallar caca su riƙa fitowa a gefen allo ko da yaranka ne a gaban na'urar. Sannan ta koma waya, inda mafi yawanmu muke.

A nan ne abin ya taɓa mu kai tsaye. A Agustan 2020 wani sashen tsaro mai suna Secure-D ya ba da rahoton cewa ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, a Habasha da Masar da Afirka ta Kudu da Kamaru da Ghana. Da ita wayoyin suka zo. Tana buɗe hanya ga wata manhajar da ke yi wa mai waya rajistar abubuwan biya ba da saninsa ba, tana cinye masa data, kuma ko an mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani abin yana dawowa. Kamfanin Transsion mai Tecno ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, kuma ya fitar da gyara. Ku duba wanda ya yi asara: mai sayen waya mafi araha, wanda ke sa katin ɗari biyu ya wayi gari babu, ya yi ta zagin kamfanin layi. Ba'amurke in talla ta dame shi, lokacinsa ta ci. Namu mutumin, kowace talla da ta buɗe, da datarsa ta buɗe, wato da kuɗin cefanensa.

Manhajojin bashi ma a wannan layin suke. Ka nemi rancen dubu goma, su nemi izinin ganin lambobin da ke wayarka da hotunanka. Ka yi jinkirin kwana biyu, surukinka da limamin unguwarku su sami saƙo cewa kai ɓarawo ne. Leƙen asiri ne tsagwaronsa, da izinin da aka karɓa daga mutumin da ke cikin matsi. A 2022 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga ƙarshen Mayun 2023 kuma Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. Amma wadda aka turo maka ta WhatsApp ko ta Xender ba ta bi ta wannan ƙofar ba, dokar Google ba ta hau kanta ba.

Har mai gadin ma sai an sa masa ido. A Fabrairun 2024 FTC ta sa kamfanin Avast, mai manhajar kariya ta kyauta da ke cikin kwamfutoci da yawa a nan, ya biya dala miliyan 16.5, saboda ya tattara tarihin shafukan da masu amfani da shi ke shiga yana sayarwa ta wani reshensa mai suna Jumpshot, alhali ya yi musu alkawarin kare su daga masu bibiya.

Ina da magana da ku, malamai masu gyara, da masu shagunan buga takardu, da masu tura fina-finai a waya. A garuruwanmu ku ne ƙofar. Mutum ya sayi kwamfuta, a hannunku yake barinta ya ce a sa masa duk abin da ya kamata. Abin da ke cikin filashinku shi zai kwana a gidansa. In Windows ɗin da kuka ɗora na sata ne, da ɗan abin fasa lasisi da aka sauko daga shafin da ba a san mai shi ba, kuma sai kun kashe kariyar kwamfutar kafin ya yarda ya yi aiki, to ku tambayi kanku me ya sa kariyar ke ƙin sa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba kyauta, yana da inda yake fanshewa. A shagunanku ɗalibai ke cike fom ɗin jarrabawa, ma'aikata ke buɗe imel, wasu har da shiga asusun banki, kuma da yawan injinan suna kan Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020. Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025. Na san kasuwa ba daɗi, na san kuɗin lasisi da dala ake lissafa shi. Amma akwai LibreOffice da ke buga takarda kyauta ba tare da fasa komai ba, akwai VLC na kallon bidiyo wanda ba ya goyon kowa in daga shafin masu shi aka ɗauko. Amana ce aka ba ku. Kuma in kun cire wa mutum ƙazantar, ku ɗauki minti biyar ku nuna masa ta inda ta shigo.

Kai kuma mai kwamfuta, kafin ka yarda da fomatin, akwai abin da za ka iya da hannunka. Shiga jerin manhajojin da ke cikin na'urar, ka jera su bisa ranar da aka ɗora. Duba ranar da fitinar ta fara, za ka ga baƙin sunaye biyu ko uku da suka sauka rana ɗaya da wani abin da ka sauke. Cire su. Buɗe saitin burauza ka duba ƙare-ƙaren da aka liƙa mata, duk wanda ba ka san aikinsa ba ka kore shi, ka duba jerin shafukan da ke da izinin turo sanarwa ka share, sannan ka mayar da saitin yadda ya zo. Microsoft Defender yana cikin Windows, ba sai ka saya ba, ka bar shi a kunne. Gaba in za ka ɗora wani abu, zaɓi hanyar da ke nuna maka mataki-mataki, ka karanta kowane akwati. A shafin saukewa kuwa, ƙaton koren maɓallin da ya fi kowanne ɗaukar ido, sau da yawa shi ne tallar. Duk tagar da ta faɗo da ƙara tana cewa ka kira lamba, ƙarya ce. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗinsa. In ka kira, wanda zai ɗauka zai nemi ka ba shi damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, sannan ya nemi kuɗi. In kuwa ka taɓa shiga banki ko imel a na'urar da ta kamu, ka canza kalmomin sirrinka daga wata na'urar mai tsabta, domin cire manhajar ba ya dawo da abin da ta riga ta kwashe.

Sauran aikin na hukuma ne. Najeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, Nijar ma tana da tata hukumar, HAPDP. Dokar Najeriya ta ce yardar mutum sai ta zama da saninsa kuma da son ransa, ta kuma ce shiru ko rashin motsi ba yarda ba ne. To akwatin da aka riga aka yi wa maki ya faɗi wannan jarrabawar tun kafin a je kotu. Abin da nake roƙon hukumomin nan shi ne su sauko inda abin yake faruwa. Su sayi wayoyi masu araha daga kasuwar Farm Centre a Kano da Computer Village a Legas, su buɗe su a ɗakin gwaji, su faɗa wa jama'a sunan duk wadda suka samu da kaya a ciki. Su tilasta wa manhajojin bashi da na caca su rubuta abin da suke nema daga wayar mutum da Hausa, a gajarce, kafin ya danna. Kuma su buɗe lambar da mai katin ɗari biyu zai kira ya kai ƙara da harshensa, ba tare da an ce ya aiko imel ba.